Sautin baje koli, shi za ka ji a ɗakinka?

Malam, ka ce ka kalli bidiyon manyan kayan sauti na baje kolin AXPONA na Amurka, kana tambaya ko ka saya bisa abin da ka ji. Dakata tukuna. Sautin nan ya bi ta makirfon mai ɗauka, YouTube ya matse shi, sannan ya fito ta lasifikar wayarka.

Ko wanda ya je da ƙafarsa, rabin abin da ya ji aikin ɗaki ne. Masu baje kolin kan zaɓi waƙoƙin da suka dace da kayansu, su ɗan ƙara murya, shi kuwa kunne duk abin da ya fi ƙara sai ya ce ya fi daɗi.

Gidajenmu na Zariya tayil ne da siminti, sauti na dukan bango ya dawo. Ɗaki mai tsawon mita 5 yana kumbura sauti mai kauri wajen 34 Hz, wato girgizar sauti sau 34 a daƙiƙa ɗaya, ka ji ganga tana ta ruri. Shimfiɗa kafet mai kauri, rataya labule, janyo lasifikokin kamar santimita 60 daga bango. Tazarar da ke tsakaninsu ta zo daidai da tazararka da kowacce.

Wuta ce ta fi kashe kayan nan. Na kasuwar Amurka galibi bolt 120 suke sha, tamu 230 ce. Ka jona babu tiransifoma mai rage ƙarfin wuta, suna iya ƙonewa nan take. Sitabilaiza dole ne. Amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, irin wadda ake kira ajin A kuma, zafi gare ta ko ba ta kiɗa, ga zafin Afrilu, don haka kar ka kulle ta cikin kabad.