Amsar Kawu Kan Maganar Yarjejeniya

Ɗana, saƙonka ya iso. Ƙanwarka ce ta karanta mini bayan la'asar, na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Wai kai da abokinka za ku haɗa jari ku sayo raguna a Dakoro ku yi kiwon Babbar Sallah, shi ya ce sai an rubuta yarjejeniya, kai kuma ranka ya sosu, kana tambaya ko zargi ne, kuma daga ina kalmar ta fito tunda a rediyo kaɗai kake jin ta. Da dare kuwa na kasa barci, ina tunanin yadda aka yi ɗan gidanmu bai ji "yarda" a cikinta ba.

Ai ita ce uwarta. Ka yarda, ka yarje wa mutum, sai yarjejeniya. Ƙirarsu ɗaya da turereniya da rigegeniya: ka taɓa ganin mutum ɗaya yana turereniya a bakin famfo? Sai an zama biyu, kowa na yi wa ɗan'uwansa. Alkawari da sharaɗi da wa'adi da amana duk daga Larabci malamai suka kawo mana su, ita wannan kuwa ƙirarta ta Hausa ce. Abin haushi, ita ake laƙaba wa abin da Ingila da Faransa suka sa wa hannu a Landan a 1906, suka ja layi tsakaninmu da Katsina. Su biyun sun yarje wa juna, gaskiya ne. Sarkin Katsinan Maraɗi dai ba wanda ya tambaye shi.

Kakanka, Allah ya jiƙansa, ban taɓa jin kalmar a bakinsa ba. Shi "mun yi magana" yake cewa, shi ke nan. Yana da abokin harka a birnin Katsina, wani Alhaji mai ɗan ɗingishi, wanda yake aika wa wake da fatu, kuɗin su kwanta can har a tashi sayen kaya. Babu takarda ko ƙyalle. To a watan Afrilu na 1984 sojan Najeriya, zamanin Buhari, suka rufe iyaka suka kuma canza launin naira, aka ba mutane ƴan kwanaki su kai tsofaffi banki. Mutanen Maraɗi da yawa kuɗinsu ya mutu a ƙarƙashin katifa. Namu duka na hannun Alhajin nan, ba hanya, ba waya. Daminar shekarar kuma ta ƙi, aka shiga yunwar da har yau ake kira El Buhari. Kakarka ta yi ta mita, kullum sai ta ce an yi ciniki da iska. Shi kuwa ya ce mata alkawari kaya ne, wanda ya ɗauka shi ya san nauyinsa, ki bar shi ya iso.

Wata shida shiru. Ran nan cikin hunturu, tsakar dare, aka ƙwanƙwasa ƙofar zaure. Ni na buɗe, ina riƙe da fitilar ƙwai. Wani yaro ne da bai fi shekaruna ba, ƙura ta rufe shi har gira, ya baro Jibiya ta daji a kan babur don kauce wa masu tsaron iyaka, buhun garin rogo ɗaure a baya. Ya durƙusa ya ce Alhaji na gaisuwa. Baba ya farke bakin buhun, ya zura hannu har gwiwar hannu, ya zaro ƙunshin leda. Sababbin naira ne, Alhajin ya bi layin banki da kansa ya canza su. Na matso da fitila don a ƙirga, Baba ya harare ni harara ɗaya, na ja baya. Ya tura ƙunshin ƙarƙashin buzu, ya ce in tashi kakarka ta ɗumama wa baƙo tuwo. Sai da yaron ya tafi da asuba ya ce mini, in ka ƙirga a gaban manzo, wanda ya aiko shi ka zaga. Garin nan ma mun ci shi kusan wata guda.

Yanzu fa? Ku yi ciniki ta waya, ku ce "na sallama", gobe wani ya ƙara jikka biyu ku ce ba ku faɗa ba. A da in dillali ya haɗa hannun mutum biyu ya ce Allah ya sa albarka, ko an ninka kuɗin an wuce wurin. Ni kaina na taɓa ba wani bashin buhunan gero a kan magana, ya rasu, ƴaƴansa suka ce in kawo shaida. Ban da ita. Limaminmu ya ce laifina ne, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, can ƙarshen Baƙara, cewa ta yi a rubuta bashi a kafa shaidu. Na yi shiru, don ban san yadda zan haɗa wannan da hararar Baba ba.

Abokin nan naka ɗan wane gida ne? Ka kawo shi ranar Juma'a mu gaisa, in ga idonsa. Kuma ragunan, balami za ku saya ko uda? Ku fara tambayar kuɗin dusa da harawa kafin ku taɓa jarin.