Wace manhajar mastarin ta dace da waƙar da aka haɗa a waya?

Ɗan'uwa, ka ce a FL Studio Mobile kake haɗa waƙoƙinka, amma in ka kunna su bayan na manyan sitidiyo sai ka ji naka ba su da ƙarfi, shi ne kake tambaya ko ka biya LANDR, manhajar da ke yin mastarin, wato gyaran ƙarshe da ake yi wa sautin waƙa don ya yi ƙarfi ya daidaita. Ni dai shawarata, riƙe kuɗinka tukuna.

Fara da manhajar BandLab. Mastarin ɗinsa kyauta ne, data kawai zai ci maka, kuma akwai salo huɗu da aka fi saninsa da su: Universal, Fire, Clarity da Tape. Fire na cika bes, ya dace da hip-hop. Clarity kuwa a yi hattara da shi a waƙar nanaye, don muryar da ta riga ta sha Auto-Tune, wato manhajar daidaita murya, in aka ƙara mata kaifi, duk inda mawaƙi ya furta "s" ko "ts" sai ta soki kunne. A irin wannan na fi samun daɗin Tape. LANDR ma na'ura ce ke saurare ta yanke hukunci, sai dai kuɗinsa da dala ne.

Abin da babu wadda za ta iya maka a cikinsu shi ne gyaran miksin, wato daidaita murya da kayan kiɗa da juna. Fayil ɗaya kake ba su, murya da kiɗa a cakuɗe. Idan kalangu da bes sun danne murya, haka za a dawo maka da ita a danne, ƙara kawai aka yi mata. Tuwon da ya yi gudaji ba a gyara shi a kwano. Koma cikin aikin, ka rage bes, ka yanke abin da ke ƙasa da 100 Hz, wato sautuka masu kauri sosai, a layin murya, ka cire limitar (abin da ke hana sauti wuce iyaka) da ka ɗora a kan masta, wato babban layin da duk sautukan ke haɗuwa. Ka bar kiɗan yana tsayawa wajen -6 dB, kada mita ta taɓa ja. Sannan ka fitar da shi WAV, ban da MP3.

Batun ƙara kuma, Spotify na daidaita waƙoƙi a -14 LUFS (ma'aunin ƙarar da kunne ke ji), wanda ya wuce nan rage shi ake yi. To amma mu yawancin masu jin mu ta katin memori, Xender da sifikar adaidaita sahu suke ji, can kuwa babu mai daidaita komai. Don haka nakan ɗan haura wannan ma'auni, in dai ganga ba ta fara dakushewa ba, ƙololuwar sautin kuma in tsayar da ita a -1 dB. Limitar da ke cikin FL ɗin naka ma za ta yi wannan, in kai za ka yi mastarin da kanka.

Wajen gwaji, rage ƙarar wadda aka yi wa mastarin har ta yi daidai da ta asali kafin ka kwatanta, domin kunne kullum mai ƙara yake zaɓa. Ji ta a iyafis mai waya, sannan a sifikar wayar kanta, inda bes ke ɓacewa. In baitin ya fito tas a nan, an gama. Turo mana duka biyun a matsayin dokumen, kada a matse sautin a hanya, mu ji.