Yaya zan gwada lalacewar RAM da gangan?

Tambaya: Salam Malam, daga Jidda nake, ina kula da sabar Linux a shagon kawuna. RAM ɗinmu, wato ma'adanar wucin gadi ta kwamfutar, lafiya lau take, to yaya zan san abin da kanel, wato zuciyar Linux mai sarrafa kayan kwamfuta, zai yi ranar da ta samu matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai ba sai ka jira ba, tun Linux 2.6.32 a 2009 akwai hwpoison, wato tsarin da kanel ke bi da RAM da ta lalace, in kana root, wato mai cikakken iko a kan kwamfutar, ka kira madvise (hanyar da manhaja ke ba kanel bayani kan RAM) da zaɓin MADV_HWPOISON sai kanel ya ɗauka shafin RAM da ka nuna masa, wato yanki mai girman 4KB, ya gurɓace, ya killace shi, manhajar da ta taɓa shi kuma SIGBUS za ta sha, wato siginar kuskure da kan kashe manhaja. Amma don Allah kar ka gwada a sabar kawu ana tsaka da ciniki, nemi tsohuwar kwamfuta tukuna.