Ina so in ƙara wa Mustang GT ɗina ƙarfi, wane gareji zan kai ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina zaune a Houston ta jihar Teksas a Amurka. Bara na sayi Ford Mustang GT ƙirar 2019, mai giya goma mai canja kanta, yanzu ta yi tafiyar mil 41,000. Na tara dala 12,000 ina so a ƙara mata ƙarfi. Na je gareji biyu. Mai na farkon ya ce in kawo ta Litinin in karɓa Alhamis da ƙarfin dawaki 800, kuma kuɗinsa ya fi sauƙi. Mai na biyun ya tsare ni da tambayoyi, ya ce ba zai faɗi farashi ba sai ya gwada injin, kuma sai na jira layi na sati biyar. Da motar nake zuwa aiki kullum. Don Allah wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka jira sati biyar ɗin. Amma ba na so ka tafi don kawai na ce ka tafi, gara ka san dalili, domin ko a gareji na biyun akwai abubuwan da za ka tsaya a kansu da idonka.

Injin da ke cikin motarka shi ne Coyote mai lita 5.0, zubi na uku, wanda Ford ta fara sakawa a Mustang ƙirar 2018. Daga masana'anta yana ba da ƙarfin dawaki 460. Abin da ya sa ya kai haka ba tare da abin hura masa iska ba shi ne yana matse cakuɗen iska da fetur har ninki 12 kafin fulogi ya ba da wuta, kuma yana juyawa har 7,500 a minti ɗaya. Wato Ford ta riga ta tatse mafi yawan abin da za a iya tatsa cikin sauƙi. Shi ya sa idan ka canja bututun shaƙar iska da salansa, ƙarar motar za ta canja sosai, amma ƙarin ƙarfin kaɗan ne, da ƙyar za ka ji shi a jikinka. Da kuɗin da ka tara, hanyar da aka fi bi domin samun ƙarfi na gaske ita ce sufacaja, na'urar da bel ke juyawa tana cusa wa injin iska fiye da yadda zai iya shaƙa da kansa. Akwai ta Roush, akwai ta Whipple, akwai ta ProCharger. Biyun farko suna zama a saman injin, ƙarfinsu na zuwa tun daga ƙasa da zarar ka taka totur. ProCharger kuwa sai injin ya ɗauki juyi take nuna kanta. Kayan da Ford Performance da Roush suka haɗa domin irin motarka an ƙiyasta su a ƙarfin dawaki 700. Kowacce ka zaɓa za ta cinye kusan dala 8,000 zuwa 10,000 kafin kuɗin aiki, saboda haka kada ka ɗauka kuɗinka da yawa ne.

To, ɗaura ƙarfen ba shi ne aikin ba. Duk bakaniken kirki mai haƙuri zai iya ɗaura sufacaja cikin kwana biyu. Aikin yana cikin kwamfutar injin, inda ake sake rubuta mata yawan fetur ɗin da nozul zai fesa da kuma lokacin da fulogi zai ba da wuta. Mutumin da ke zaune da kwamfutar tafi-da-gidanka a kujerar gaba, shi ne rayuwar injinka ke hannunsa, kuma shi ne ainihin abin da kake saye.

Ga yadda abin yake. A cikin silinda, wutar da fulogi ya kunna tana bin cakuɗen ne tana ci a hankali, tana tura fistin ƙasa. Idan zafi da matsi suka yi yawa, ragowar cakuɗen da wutar ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa, ya doki kan fistin kamar guduma. A tsohuwar mota kana jin wannan, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa. A Mustang mai salansa mai ƙara, kana gudu, ba za ka ji komai ba. Injin da ke matsewa ninki 12 sannan aka cusa masa ƙarin iska, tazarar da ke tsakaninsa da wannan fashewar ƴar kaɗan ce. Mai saiti na da hanya biyu ta ƙara lamba a kan takarda: ya matso da lokacin wuta gaba, ko ya rage fetur. Dukansu biyu suna ƙara ƙarfi, kuma dukansu biyu suna cinye wannan tazarar. A tafiyar yau da kullum injin na ƙona kashi 14.7 na iska da kashi 1 na fetur, amma idan sufacaja ta buɗe wuta ana saukowa wajen 11.5, domin rarar fetur ɗin ita ke sanyaya kan fistin. Mai neman lamba sai ya ƙi saukowa sosai.

Na taɓa riƙe sakamakon irin wannan aikin a tafin hannuna. Wani saurayi ya kawo motarsa tana ɓari tana fitar da shuɗin hayaƙi, wata biyu bayan wani gareji ya ɗora mata saitin da aka turo musu ta imel, ba wanda ya duba yadda injin nasa ya karɓa. Da muka zare fistin ɗin, gefen da ke riƙe ringi na sama ya karye, guntun bai kai farcen babban yatsa ba, amma ya kankare bangon silinda daga sama har ƙasa. Saman fistin ɗin duk ya yi rami-rami kamar an watsa masa yashi. Yaron ya tsaya yana juya shi a hannu, takardar da aka ba shi mai ɗauke da babbar lamba tana nan a aljihun gaban motar. Kuɗin sabon injin ya ninka abin da ya yi murnar ragewa. Araha ba ta ado, kuma har yau idan na tuna fuskarsa raina yana ɓaci.

Don haka ka koma wa mai 800 ɗin nan da tambaya ɗaya: a injin ko a taya? Ƙarfin da kamfani ke faɗi na injin ne. Na'urar gwajin da ake ɗora mota a kai, wadda ake kira daino, tana auna abin da ya iso taya ne bayan giyabos da shaf sun ci nasu rabon, wajen kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari. Motarka a yanzu za ta nuna ɗan sama da 400 a taya. Dawaki 700 a injin za su nuna wajen 600. Idan 800 a taya yake nufi, to yana maganar sama da 900 ne a injin da fistin ɗinsa na masana'anta ne, a motar da kake zuwa aiki da ita. Ana yin haka, ban ce ba a yi ba, amma masu yi suna canja famfon mai da nozul, suna komawa man E85, wato fetur da aka cakuɗa da etanol mai yawa, kuma sun san kasada suke yi. Su kansu na'urorin gwajin ba bakinsu ɗaya ba: Dynojet ta saba nuna lamba sama da Mustang Dyno, wadda suna kawai suka haɗa da motarka. Abin da ke da ma'ana shi ne a gwada motar kafin aiki da bayan aiki a kan na'ura ɗaya, ka ga bambancin.

Tambayoyin da mai gareji na biyu ya tsare ka da su, su ne alamar da nake nema a wurin mai saiti. Wane mai kake sha, ina kake zuwa da motar, kana tsere a filin tsere ko kuwa hanya ce kawai. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Gwajin da ya ce zai yi kuwa na matsin silinda ne da na yoyon iska, a ga ko duka takwas ɗin suna riƙe matsi daidai da juna. Idan akwai ɗaya mai rauni, sufacaja ba za ta ɓoye ta ba, ita za ta fara kashewa.

Idan ka koma, ka tambaye shi Coyote nawa ya yi wa wannan aikin, ka nemi ya haɗa ka da mutum biyu ko uku da suka shekara suna hawan motocinsu bayan aikinsa. Motar da aka gama jiya kowa na yabonta. Ka tambayi wanda zai yi saitin da kansa, domin gareji da yawa suna ɗaura kaya ne su tura bayanan injin ga wani gwani a wata jihar. Wannan ba laifi ba ne matuƙar gwanin yana duba bayanan motarka yana gyarawa, ana komawa ana sake gwadawa. Laifin shi ne a ɗora fayil ɗaya a miƙo maka makulli. Ka kuma leƙa cikin garejin. Ni ina duba yadda suke jera kusoshin da suka kwance da yadda suke ɗaure wayoyi, domin wanda ya bar waya tana gogar ƙarfe mai zafi haka zai yi wa abin da ba ka gani.

Ranar gwaji ka je da kanka, kuma ka roƙi abu ɗaya da masu gaggawa ba sa so: a ja motar sau uku a jere ba tare da an bar ta ta huce ba. Kai ka san zafin Houston a watan Agusta, ka san cunkoson hanya. Iskar da sufacaja ta matse tana yin zafi, ruwan da ke sanyaya ta shi ma yana ɗumama, saitin da ya yi kyau a jan farko da sassafe yakan fara ƙwanƙwasa a ja na uku. Ka ce ya nuna maka a allo zafin iskar da ke shiga injin da kuma ko kwamfutar tana janye lokacin wuta saboda ta ji fashewa. Mai saitin da ya san aikinsa zai ji daɗin wannan tambayar. Ka gaya masa a fili cewa ka yarda ka rasa dawaki 30 domin a bar wa injin wurin numfashi.

Maganar mai: a saita ta a kan fetur mai lambar oktan 93 (lambar da ke nuna yadda mai ke jure matsi ba tare da ya fashe da kansa ba), wanda kake samu a Teksas, kuma daga ranar kada ka sake zuba 87. Idan za ka yi tafiya yamma irin Kalifoniya, inda 91 ne mafi girma a yawancin gidajen mai, ka nemi saiti na biyu. E85 ya fi jure matsi, amma injin na shan wajen kashi 30 cikin ɗari fiye da fetur, kuma yawan etanol ɗin da ke cikinsa yana sauyawa daga kashi 51 zuwa 83, sai ka riƙa aunawa. Ga motar zuwa aiki ban ba ka shawararsa ba a yanzu. Idan kuma kana da niyyar wata rana ka sako motar a jirgi zuwa gida, ka faɗa wa mai saitin tun yanzu, domin gidajen manmu fetur iri ɗaya suke sayarwa kuma bai kai wannan lambar ba.

Abin da ya rage na kuɗinka kada ya tafi a kan ado. Haƙoran famfon baƙin mai na Coyote da garin ƙarfe aka matsa aka yi su, an san su da tsagewa idan injin mai sufacaja yana yawan kaiwa ƙarshen juyinsa, kuma idan suka tsage mai ya daina zagayawa nan take. Tun da za a yi aiki a gaban injin, a canja su da na ƙarfe tsantsa. Sai taya. Dawaki 700 a kan tayar da ta sha mil dubbai ba gudu za su ba ka ba, juya maka bayan motar za su yi, musamman idan an yi ruwa. Idan tayoyin baya suka fara tsalle wajen tashi, ka ɗaga ƙafa, domin wannan tsallen ne ke karya shaf. Giyarka ta 10R80 tana da juriya, amma ita ma a daidaita mata saiti. Birki kuwa a sa masa sabon mai da takalma masu jure zafi.

Doka ma tana da nata. Dokar tsaftar iska ta tarayyar Amurka ta hana cire matatar hayaƙi, wadda makanikan gida ke kira indomi, a motar da ke hawa titi, kuma gundumar Harris inda kake har yanzu ana gwajin hayaƙi duk shekara. Ka zaɓi kayan da ke da lambar amincewa ta CARB, hukumar kula da tsaftar iska ta jihar Kalifoniya, ka bar matatar a inda take. Garejin da ya ce zai cire ta ya kashe fitilar gargaɗi a kwamfuta, kai zai bari da wahalar ranar sabunta rajista. Ka sanar da kamfanin inshorarka abin da aka ƙara. Garantin da ke zuwa da kayan Ford Performance na shekara 3 ne ko mil 36,000, motarka ta riga ta wuce, saboda haka abin da mai gareji ya rubuta maka ya sa hannu shi kaɗai ne madogararka: kayan da zai saka, kuɗin aiki, abin da zai ɗauka idan wani abu ya lalace ta dalilin aikinsa, da kuma cewa zai ba ka kwafin saitin asali na motar.

Idan an yi gwajin silinda, ka turo min lambobin takwas ɗin tare da jerin kayan da ya rubuta maka, mu duba tare kafin ka ba da kafin alƙalami. Allah Ya kiyaye hanya.