Famfon Ruwa ne Ke Cinye Mini Batir a Motar Kwana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne daga Daura, kuma na mayar da wata tsohuwar Hiace ɗakin kwana saboda zuwa kasuwanni irin su Mai'adua da Mashi. Na saka batir mai 100Ah daban da na inji, da farantin sola guda, da inbata, da ƙaramin famfo mai jan ruwa daga tanki. Yanzu kafin asuba batirin ya mutu, da zarar famfo ya tashi sai fitilu su dushe, cikin dare kuma ina jin yana tashi da kansa. Shin in sauya famfon ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Kada ka yi gaggawar sayen sabon famfo, domin a irin wannan matsala sau da yawa famfon tona asirin batir kawai yake yi, ba shi ne ɓarawon ba. Irin wannan famfo mai bolt 12 yakan ja amfiya 4 zuwa 7 yayin da yake aiki, kuma idan aka haɗa alwala da wanke kwano da ɗaurayar jiki, da wuya aikinsa ya wuce rabin awa a yini. Ke nan abin da yake ci kusan 3Ah ne (Ah shi ne amfiyar da ake ja sau awannin da aka yi ana ja), alhali batir mai ruwa na 100Ah, idan lafiyayye ne, zai ba ka kusan 50Ah, tun da ba a so a zuƙe shi ƙasa da rabi.

Saboda haka a fara da batirin. Ka sami mitar awon wuta, ka cika shi da caji, ka cire duk abin da ke jikinsa, ka bar shi ya huta na wasu awanni kafin ka auna. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 ko 12.7, idan kuwa ya nuna 12.2 to rabi ya rage. Daga nan ka mayar da wayoyi, ka buɗe kan famfo idonka na kan mita. Lafiyayyen batir zai ɗan sauka kaɗan ya tsaya, amma idan ya faɗo ƙasa da 11.5 saboda famfo kaɗai, to ya gaji, ko da da rana yana nuna kamar ya cika. Zafin ƙasarmu ma yana da hannu: batir mai ruwa an yi shi ne don yanayin da bai wuce digiri 25 ba, kuma duk ƙarin kusan digiri 10 yana raba tsawon rayuwarsa biyu, ga shi a watan Afrilu inuwa ma takan haura 40, balle cikin motar da aka rufe a rana. Ka buɗe murafensa ka duba, idan ruwan ya sauka ƙasa da kan farantan ciki ka ƙara ruwan batir tsarkakakke, ba na rijiya ko na leda ba. Farin garin nan da ke taruwa a kan batir kuma a kankare shi, a ɗaure wayoyin tamau.

Tashin famfo cikin dare kuwa yana nufin matsin ruwa na zurarewa ta wani wuri. A jikinsa akwai makunni mai jin matsi, wanda ke kashe shi idan tiyo ya cika, ya kuma tayar da shi idan matsin ya sauka. Ka shimfiɗa busasshiyar takarda ƙarƙashin kowace mahaɗar tiyo ka duba da safe. Idan babu danshi, to ruwan yana komawa tanki ne ta cikin famfon, galibi saboda ƙwayar yashi ta maƙale a bawul ɗinsa. Ka kwance matatar da ke gabansa ka wanke, za ka sha mamakin rairayin da ruwan burtsatse ke tarawa. Wannan tashi na daƙiƙa biyar-biyar ya fi hana barci fiye da cin wuta. Abin tsoro shi ne famfo ya tashi ya ƙi tsayawa, ko don tanki ya ƙare yana zuƙar iska, ko don wutar ta yi rauni har ya kasa kai matsin da zai kashe kansa. A nan raunin batir ke hana shi tsayawa, rashin tsayawarsa kuma ke ƙara ƙarasa batirin, kuma awa 8 a kan amfiya 5 ya zama 40Ah. Ƙaramin makunni kusa da shimfiɗarka, wanda za ka kashe kafin barci, ya raba wannan gardama.

Ni dai inbatar na fi zargi. Ko ba a jona mata komai ba, muddin tana kunne takan ja rabin amfiya zuwa amfiya guda, wato har 24Ah a kwana da yini, ninkin cin famfo sau takwas. Don tabbatarwa, a kashe komai, a cire baƙar waya daga batir, a saka mita tsakaninsu a ma'aunin amfiya 10, sannan a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi. Layin da ta faɗi a kansa shi ne mai satar wuta. Kada a kunna kaya masu nauyi lokacin wannan awo, don fis ɗin mitar zai ƙone.

Sai batun caji. Da tsakar rana ko inji na aiki, ya kamata a ga 13.8 zuwa 14.4 a kan batirin. Idan bai kai ba, ka goge ƙurar hunturu daga farantin sola, sannan ka sa rewaya ya duba na'urar da ke raba batirin ɗaki da na inji, da kaurin wayar da ya ja zuwa famfo, domin siririyar waya mai tsawo tana cinye wuta a hanya kafin ta isa.