Tambaya da Amsa: Shin tallafin da kamfani ke rabawa yana goge ɓarnar da yake yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wata masana'anta, kuma kwanan nan aka ɗora mini kula da sashen hulɗa da al'umma, aka ware mana wani kaso daga ribar bana. Manajanmu yana so a raba kayan tallafi a gaban 'yan jarida, sannan wani mai ba kamfanoni shawara ya ce idan mun biya zai samo mana takardar shaidar ISO 26000, watau ma'aunin ƙasa da ƙasa kan haƙƙin al'umma a kan kamfani. Ni kuwa na san gurɓataccen ruwan masana'antarmu yana malala cikin unguwar da ke bayanmu, kuma leburorin wucin gadi sukan daɗe ba a biya su ba. Hankalina ya kasa kwanciya. Na so a ce da kuɗin an kafa wani ƙaramin kasuwanci a cikin kamfanin wanda zai amfani mutanen nan. Ina tsoron kada ya zama da hannuna ake rufe ɓarna. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Wannan tsoron naki yana kan hanya, kada ki bari a lallashe ki ki ajiye shi. Tunda a sashen kike, ba sai na tsaya yi miki bayanin mene ne CSR, watau haƙƙin al'umma a kan kamfani, ba. Bari in tafi kai tsaye ga kuskuren da kullum nake karo da shi a ofisoshin manajoji, wanda kuma shi ne ke cikin kan naki manajan.

Sun ɗauka haƙƙin al'umma a kan kamfani yana farawa ne bayan an gama lissafin riba. Watau a samo kuɗi ta duk hanyar da ta samu, ƙarshen shekara a gutsuro kaɗan a raba, a ɗauki hoto, shi ke nan an fita. Alhali haƙƙin yana cikin yadda aka samo kuɗin tun farko: albashin da aka biya a kan lokaci, harajin da ba a kauce masa ba, sharar da aka san inda aka kai ta, kayan da aka sayar ba algus, ɗan kwangilar da ba a riƙe wa kuɗi har ya durƙushe ba. Kyauta tana zuwa ne bayan duk waɗannan. Mai ruwan datti a ƙofar maƙwabtansa da ya je yana raba musu tallafi, kitso yake yi a kan ƙwarƙwata.

Kuma wannan ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. A 2011 Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin kasuwanci da haƙƙin ɗan Adam waɗanda Farfesa John Ruggie ya jagoranci tsarawa. A cikinsu an faɗa ƙarara cewa kamfani yana iya yin ayyukan alheri iya son ransa, amma hakan ba ya biya masa bashin haƙƙin da ya take a cikin aikinsa. Babu hanyar da za a ce an cuci mutum ɗari a nan, an taimaki ɗari biyu a can, don haka an tashi da rara. Wanda ya san hadisin da ya ce Allah mai tsarki ne, ba ya karɓa sai mai tsarki, bai kamata wannan ya zo masa a baƙo ba.

Abin da ya sa nake kiran kuskuren mai hatsari shi ne yana kwantar wa masu kamfani hankali a daidai lokacin da ya kamata su firgita. Ranar 24 ga Afrilu 2013 ginin Rana Plaza mai hawa takwas ya rufta a kusa da Dhaka ta ƙasar Bangaladash, mutum 1,134 suka rasu, yawancinsu masu ɗinka tufafi wa manyan kamfanonin Turai da Amurka. Kwana ɗaya kafin nan an ga ginin ya tsage. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe, amma aka tilasta wa masu ɗinki komawa bakin aiki. Da yawa daga kamfanonin da ke sayen kayan suna da kyawawan rahotanni na taimakon al'umma. Rahoto bai riƙe ginshiƙi ko ɗaya ba. Sai bayan an kwashe gawarwaki aka sa hannu a yarjejeniyar duba gine-gine da kariyar gobara mai ƙarfin doka, wadda kamfanoni fiye da 200 suka shiga.

Ga kuma Volkswagen. A watan Satumba na 2015 aka ayyana shi a matsayin na gaba a cikin kamfanonin mota a ma'aunin ɗorewa na Dow Jones, wanda ke auna yadda kamfanoni ke kula da muhalli da al'umma. Kimanin mako guda bayan haka hukumar kare muhalli ta Amurka ta fallasa cewa ya dasa manhaja a motocinsa masu amfani da dizal don su yaudari na'urar gwajin hayaƙi. Kamfanin da kansa ya amsa cewa abin ya shafi motoci kusan miliyan 11.

Yanzu ga mai ba ku shawara. Ki gaya wa manajanki da bakina cewa mutumin nan ko dai bai san aikinsa ba, ko kuma ya sani yana so ya ci kuɗinku. ISO 26000, wanda aka fitar a 2010, jagora ne kawai, kuma ita kanta ƙungiyar da ta fitar da shi ta ce ba a yi shi don ba da takardar shaida ba. Duk wanda ya miƙo muku satifiket da wannan lamba, takarda ce ya buga. Irinsu sun cika gari, su da masu shirya bikin karramawa inda kamfani ke sayen teburi da rana a ba shi lambar yabo da dare. Kai, ko takardar gaske ma ba ta tsare rai idan binciken na jeka-na-yi-ka ne. Masana'antar Ali Enterprises da ke Karachi ta ƙasar Pakistan ta samu shaidar SA8000 ta kyautata yanayin ma'aikata 'yan makonni kafin gobarar Satumban 2012 da ta kashe mutum fiye da 250, da yawansu saboda ƙofofi a kulle da tagogi masu ƙarfe.

Gwamnatoci ma sukan faɗa wannan ramin. Indiya, a dokar kamfanoni ta 2013, ta wajabta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin 100 na matsakaicin ribarsu ta shekaru uku da suka gabata a kan ayyukan al'umma. Kuɗi sun fito, ban musa ba. Sai dai wannan sashe na dokar abin da aka kashe yake ƙirgawa, kuma idan ma'auni ya zama rasit, akawu ne zai zama gwanin CSR.

Batun kasuwancin da kike son kafawa kuwa, tunani ne mai kyau, kuma an yi an gani. M-Pesa, tsarin tura kuɗi ta waya da kamfanin sadarwa na Safaricom ya ƙaddamar a Kenya a 2007, ya faro ne daga wasu ma'aikatan Vodafone, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Birtaniya, a matsayin gwajin biyan ƙananan basussuka ta wayar salula. Da aka ga mutane sun fi amfani da shi wajen tura wa juna kuɗi, sai aka bi su. Abubuwa biyu za ki ɗauka daga nan. Aikin ya fito ne daga abin da kamfanin ya riga ya iya, kuma yana da kuɗin shiga na kansa, shi ya sa bai mutu da canjin manaja ba. To ki duba abin da masana'antarku take saya daga nesa wanda maƙwabtanku za su iya samarwa, ko ragowar kayan da kuke zubarwa wanda wani zai iya sarrafawa ya sayar. Ki fara da kaɗan, ki tambayi mutanen kafin ki yanke musu abin da suke buƙata, ki kuma rubuta tun farko yadda za a gane an ci nasara ko an faɗi.

Amma kada ki fara shi kafin a tsayar da ruwan nan a kuma biya leburori. Kuma ki kula, gyaran magudana da biyan albashi ba daga kasonki za su fito ba. Kuɗin gudanar da aiki ne, bashi ne a wuyan kamfani, kuma ranar da aka biya su daga asusun tallafi aka rubuta su a matsayin alheri, an sake yin wata ƙaryar.

Ki rubuta wa manaja takarda, kada ki tsaya a magana ta baki. Ki sa a ɗebi ruwan a kai ɗakin gwaji mai zaman kansa, ki haɗa sakamakon da jerin leburorin da ke bin bashi da tsawon lokacin da suka yi suna jira. Ki yi masa magana da harshen da yake ji: tarar hukuma, ƙarar da maƙwabta za su iya shigarwa, ranakun da aiki zai tsaya idan aka tare ƙofa, da abin da hoton bidiyo ɗaya na wannan ruwan zai yi wa sunan kamfanin a intanet. Idan ya ƙi, ba ki da ikon tilasta shi, amma kina da iko da sa hannunki. Kada ki sa shi a kan rahoton da ya ce kamfanin yana kiyaye muhalli alhali kin san inda ruwan yake zuba, kuma ki ajiye kwafin takardar da kika rubuta masa mai ɗauke da kwanan wata. Allah ya dafa miki.