Idan Ba'amurke ya ce "let's table it", me yake nufi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki ta intanet da wani kamfanin Amurka, a mitin na kawo maganar karin kudin aiki sai ogan ya ce "let's table it", na dauka yanzu za a tattauna, ina ta jira har aka tashi ba wanda ya sake tada zancen. Raina min hankali ya yi ko ni ne ban gane ba?

Amsa: Wa alaikumus salam dan uwa. Bai raina maka hankali ba, kai ma ba laifinka ba ne, Turanci iri biyu ne suka yi karo. Kai na Ingila ka koya a makaranta kamar kowa a Najeriya, kuma a can "to table" na nufin a gabatar da magana don a tattauna ta, asalinsa daga teburin da ke tsakiyar zauren majalisarsu ne inda ake ajiye takardun da aka gabatar, shi ya sa za ka ga jaridunmu na Turanci sun rubuta dan majalisa "tabled a motion", wato ya gabatar da kudiri. Kanada ma haka suke amfani da ita.

To a Amurka akasin haka ne kwata-kwata. A majalisarsu in aka amince da "lay on the table" to kudirin ya sha kasa ke nan, ba ma a yin muhawara a kan wannan bukata, kuri'a kawai ake kadawa. A ofis kuma ma'anarta ta dan sassauta, wato a jingine maganar sai wani lokaci, wanda zai iya zuwa zai iya kin zuwa.

Kuma wallahi wannan rudanin ya ci manya. Churchill, tsohon Firaministan Birtaniya, da kansa ya ba da labari a tarihin yakin duniya na biyu da ya rubuta, cewa hafsoshin Birtaniya sun shirya wata takarda ta gaggawa suka ce wa takwarorinsu na Amurka suna so su yi "table" dinta, Amurkawa suka ki, don a jinsu ana so a jefa ta a durowa ne, aka dade ana musu mai zafi kafin a gane ashe abu daya suke so.

Amma kula, "on the table" a kasashen biyu ma'ana daya ce, maganar na nan a bude, "off the table" kuma an cire ta. Irin wannan tarkon ne a "bomb": Baturen Ingila ya ce wasa "went down a bomb" to ya samu karbuwa sosai, Ba'amurke ya ce "it bombed" to ya fadi warwas.

Ni dai shawarata kar ka yi shiru, hakkinka ne, kuma a wajensu ba rashin kunya ba ne ka sake tuntuba. Tura masa sako a takaice ka ce "When can we revisit this?", ka nemi ya saka maka rana takamaimai. Kai kuma in kana magana da Amurkawa ka bar "table" din nan gaba daya, in tattaunawa kake so ka ce "let's discuss it now", in jingine maganar kake so ka ce "let's postpone it".